Numfashin Inna

Mahaifiyata, da muke kira Inna, bandar kifi take yi a Auna tun kafin a haife ni. Na taso ina ganinta durƙushe cikin hayaƙi, idanu jajir, tana juya tarwaɗa. Tarinta kuwa mun saba da shi har mun daina ji.

Da ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga, na ɗauko ta zuwa Kontagora inda nake koyarwa. Likita ya danna ƙwaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce hayaƙi ya lalata huhun, ɓangaren dama na zuciya ya gaji da tura jini cikinsa, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki.

Na ce, "Za ta warke?"

Ya ce, "Sai dai mu lallaɓa."

Muka dawo gida da ƙwayoyin rage ruwa da na'urar iska mai doguwar roba da ake maƙalawa a hanci. Robar iyakarta bakin ƙofar ɗaki. Nan zirga-zirgar Inna ta tsaya, tawa ma kusan haka. Ina aji hankalina na kan wuta. Da an ɗauke, sai in ajiye alli in hau acaba in je in tayar da janareta. Biki da suna duk na daina zuwa.

Ranar da aka aiko cewa ƙanwarta ta rasu a Auna, na dawo na tarar da robar yashe kan katifa tana huci. Inna na zaure, zaune a ƙasa da mayafi da ƙullin kaya, leɓɓanta sun yi baƙi.

"Inna, ina za ki?"

"Tasha." Ta daɗe tana neman numfashi. "Ni na raine ta. A binne ta ban gani ba?"

"Ko bakin titi ba za ki kai ba, Inna."

"Na sani. Na gwada."

Na tallabe ta muka koma ciki, muna tsayawa tana dafa bango. Da kanta ta miƙo hannu ta karɓi robar. Ni ma ban je ta'aziyyar ba, don babu wanda zan bar mata.

Daga ranar ba ta sake tambayata labarin waje ba. Ta ga damina ta gaba daga kan wannan katifar, kuma a nan Allah ya karɓi abinsa, ina riƙe da hannunta.