Ajin Allurar Yaya Habu

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, amma har yau in na ɗauki sabuwar riga sai na juya cikinta na duba ɗinkin kafin in saka. Shi ya bar min wannan hali. Matata tana cewa telolin Wudil sun kusa su daina gaishe ni.

Yaya ya koyar da ɗinkin hannu a wata sakandaren maza a Wudil, a zamanin da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan. Lokacin abokan aikinsa sun sayi babura, kowa na yawo da rediyo a kafaɗa, shi kuwa kullum a tsohon kekensa yake zuwa daga garinmu Utai, da gwangwanin allurai ɗaure a baya. Darasinsa bai wuce haɗa bakin ƙyalle biyu da yin kalmasa ba. In yaro ya gama, sai Yaya ya sa ɗalibai biyu su kama ƙyallen, wannan ya ja, wancan ya ja. In ɗinkin ya buɗe ko kaɗan, kalma ɗaya yake faɗa: warware. Da haka yaran suka raɗa masa suna Malam Warware, ya kuma san da sunan, bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Abin da ke damunsa shi ne yaran sun fara jin kunyar allura. Yawancinsu iyayensu manoma ne masu ɗinkin riguna da rani, a Kausani da Dagumawa da garinmu. Amma yaro ya ga sa'ansa ya samu aikin ofis a Kano, ya dawo da riga 'yar kanti, to me zai yi da zare? Wani ɗalibi ya taɓa ce masa, “Malam, Baba ya kawo ni boko ne don in huta da allura.” Yaya ya ce, “Ka huta da ita in ka so, amma sai ka iya ta tukuna.”

Ana cikin haka aka kawo wa makarantar kekunan ɗinki sababbi fil a cikin akwatuna. Shugaban makaranta ya ce ajin hannu ya zama tsohon yayi. Yaya ya roƙa a bar masa ko da zango ɗaya a shekara, aka bar masa na ɗan lokaci, daga baya aka soke ajin gaba ɗaya, aka mayar da shi koyar da aikin gona. Bai yi rigima da kowa ba. Ni dai na san abin ya ci shi, domin daga nan bai ƙara ɗaukar gwangwanin nan zuwa makaranta ba. A ciwonsa na ƙarshe ya ce min, “Sani, ina jin wahalar banza na ba yaran nan. Babu wanda ya riƙe.” Na ce ba haka ba ne, amma ni kaina ba ni da hujjar da zan ba shi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Maɓalli ya cire, saurayi ya ajiye riga sai ya ga tela ya zo wucewa. Jikana ya iya latsa waya da yatsu biyu kamar walƙiya, amma na ba shi allura ya zura zare, sai da ya yi gumi. Na tabbata Yaya ba zai yi faɗa ba. Zai matsa masa a tabarma ne ya ce ya zauna.

Ranar da Yaya ya rasu, da hantsi, aka kawo farin yadin alawayyo. A garinmu ba a kai likkafani wurin keke, da hannu ake ɗinka shi, da zaren da aka zaro daga jikin yadin. Tsofaffin da suka saba yi idanunsu sun yi rauni, muka tsaya muna kallon juna a zaure. Sai wani mutum mai furfura, da ya zo a mota daga Kano, ya cire hularsa ya zauna ya ce a ba shi allura. Wani ya bi shi, wani ma ya bi. Ban san sunan ko ɗaya ba, sai daga baya na ji duk ɗalibansa ne. Na tsaya a kansu ina kallon allura tana shiga tana fita, sawayen ɗinkin a jere, ƙanana, daidai da juna, na gane hannun Yaya a hannun mutanen da ban sani ba. A nan ne kuka ya ƙwace min.

Yaya bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Abin da ya bari yana yatsun waɗansu dattawa da suka warwatsu a garuruwa, su ma suna ta raguwa. Ina yi masa addu'a kullum, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ya tafi yana ganin bai koya wa kowa komai ba, alhali a cikin ɗinkin ɗalibansa muka kai shi makwancinsa.