Klingon ya kusa sa a ɗaure ni a gonar dawa

Jama'a, yau saura ƙiris a ɗaure ni da igiyar shanu!

Kun san ina koyon Klingon, yaren nan da aka ƙirƙira don fim. Malamata a intanet take, ina tura mata murya tana gyara min. A garinmu kuwa sai ka hau tudun gonar dawa kake samun sabis.

Da hantsi ina tsaye can ina ta kakarin maƙogwaro a waya, sai ga 'yan sa-kai huɗu da gora! Shugabansu Baba Ɗanlami ya daka min tsawa: "Ajiye wayar! An ce kullum kana shiga dawa kana ba ɓarayin daji rahoto da wani yare."

Na ce, "Baba, ni da nake koyar da 'ya'yanku a firamare?"

Ya ce, "Kunna mu ji."

Na kunna saƙon murya na ƙarshe. Sai ga malama tana faɗa da Turanci, ɗaya daga cikinsu yana fassarawa: wai na ɗauko kalmar da ba ita ba, na juya jimla, in sake sau goma.

Baba Ɗanlami ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ashe yaren ma ba ka iya ba. Wuce, ka ɓata mana safiya!"

Wanda ya kai ƙarata kuwa yana cikin wannan guruf ɗin. Sabi'u, gonarka ce kaɗai ke kallon tudun nan. Na san kana karantawa. Fito ka yi magana, ko da wane yare ne!