Ƙyauren Baba Sale

Wad Haddad

Ƙarfe biyar saura kwata, ko ladan bai gyara murya ba, muka hau lorin auduga mu shida, 'yan wasan kwaikwayon ƙauyenmu. Duk manoma ne, an gama tsinkar auduga, ƙafa na ƙaiƙayi. Kayan wasanmu kaf ƙyauren ɗaki ne guda.

Audu ne ya tsara wasan, kuma labarin ubansa ne, Baba Sale. Gobara ta cinye masa gida da mata, hankalinsa ya taɓu, ya saɓa ƙyauren da ya tsira ya shiga duniya. Shekara bakwai ba labari. Mu tafin 'yan kallo muke nema, shi Audu kuwa fatansa ko wani zai ce ya ga tsohon.

A shingen Sinnar ɗan sanda ya tambayi ina gidan ƙyauren. Na ce ai shi muka fito nema. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga mana.

Dinder

Sha ɗaya da rabi muka sauka, muka ci kisra, wato wainar dawa, da miyar kuɓewa, bayan la'asar muka buɗe fage a bakin kasuwa. Kai, Audu ya yi wasa! Ya zagaya da ƙyaure a ka yana kiran matacciya, masu dariya suka koma sharar hawaye. Ni da nake sarkin surutu sai da na manta maganata.

Muna tashi wata mai shayi, Inna Hajo, ta riƙe masa riga. Ta ce akwai mai irin wannan ƙyauren a bakin kogin Rusairis. An sha jan sa da ƙarfi a kai shi inuwa, cizo yake yi. Audu ko shayin bai taɓa ba.

Rusairis

Muka kwana a zauren limami, shida na safe muka bi wata lori. Hanya ta jijjiga mu awa biyar, Audu na ta yi wa direba magiyar ya taka.

Ga Baba Sale kuwa a gindin giginya, ya jingina ƙyaure, yana zaune a bayansa, gashi ya cukurkuɗe. Na ce mu kewaye shi mu ɗauke, Audu ya hana. Ya ce shekara biyu yana wasa da ƙyauren nan, ya san mai shi gani yake a ɗakinsa yake zaune, mu ne marasa kunya da ke faɗo masa ta bango.

Ya tuɓe takalmi, ya tsaya gaban ƙyauren a filin Allah, ya yi sallama har sau uku.

"Wa ke nan?"

"Audu ne, Baba."

"Shigo mana. Ka daɗe a gona."

Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba.

Komowa

Bai gane sauranmu ba, kuma bai warke ba. Amma da Audu ya ɗora ƙyauren tsohon a lori, shi ma da ƙafarsa ya hau. Kwana biyu muka yi a hanya, muka shiga Wad Haddad ranar Alhamis da azahar, mata na guɗa.

Godiya ga Allah, da Inna Hajo, da limamin da ya sauke mu. Washegari Audu ya cire ƙyauren ɗakinsa ya kafa na tsohon. Baba Sale ya shiga, ya turo ƙyauren ya rufe da kansa.