Bangon Malam Umaru Mai Zane

Ina cikin aji a Kebbe direban motar gyaɗa ya leƙo ta taga ya ce an yi jana'izar Malam Umaru a Tambuwal. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allin hannuna ya faɗi, ban ɗauka ba.

Shi ya koya mana zane a firamare. Bai taɓa zana mutum ko dabba ba. Abin da kowa ke toshe hanci ya wuce, nan yake kai mu: kududdufin bayan kasuwa, da tsamiyoyin da ke bakinsa, da kwatar da rama ke tsirowa a ciki. Mukan yi gunaguni. Yakan ce, "Ku duba da kyau. Gidajenku duka daga ramin ga anka ɗebo su."

Shekarar 'yancin kai kowa na zana tuta, shi kuwa ya kwashe rani yana zana kududdufin a bangon zaurensa, da jar ƙasa da baban rini da gawayi. Aka yi ta masa dariya. Bayan nan aka zo da sabuwar hanya, aka cike ramin, aka sare tsamiyoyin. Tsofaffin da suka yi dariyar su suka riƙa zuwa zauren suna zama suna kallon zanen. Bai taɓa yi musu gori ba, tabarma kawai yake shimfiɗa musu.

Da na je gaisuwa, Inna Hajo, matarsa, ta yi mini magana ta bayan labule.

"Sani, bangon ga ya tsage tun bara. Malam ya hana a taɓa shi. Ɗiyana kullum nan suka kwana, ga damina ta taho. Mi za mu yi?"

Na sa hannu a tsagar, ya shige har wuyan hannu. Wallahi na ji haushin Malam, na kuma ji tausayinsa. Magina suka ce sai an yaɓe shi ciki da waje, amma babu wanda ya yarda ya fara. Ni na fara. Ta kan tsamiyoyin na bi, ina yaɓawa ina kuka, tsofaffin na tsaye a ƙofa. Yanzu babu inda za a sake ganin wurin nan.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Hajo haƙuri, ya raya marayun nan, ya sa bangon ya riƙe musu. Amin.