Biredin Mai Zanen Taswira

Ina ƙaramin malami a sabuwar jami'ar Sakkwato lokacin da kuɗin mai ya shigo, ma'aikatu suka cika da mutane daga kowane sashe na ƙasa. Bincikena a kan yadda ake tafiya da baƙin ma'aikata ne, wa ake ɗagawa, wa ake dannewa. Sai dai na zaɓi mugun lokaci. Sojoji na korar ma'aikata ta rediyo, mutum na karin kumallo sai ya ji sunansa. Duk ofishin da na shiga da tambaya, kallon mai sammaci ake yi mini.

A wata ma'aikata na lura ba a kan tebur ake yanke magana ba. Bayan azahar ake shimfiɗa tabarma gindin dogonyaro, a kawo akushi daga gidan babban akawu, kuma a bakin akushin nan ake shirya wanda zai tafi kwas. Akwai wani mai zanen taswira, mutumin kudancin Zariya, da ke cin biredinsa shi kaɗai a bakin taga. Shekarar nan shi ke kan layin kwas, kuma ba ƙarin girma sai an je. Ya daɗe yana jira.

Ran nan aka ce mini bisimilla, na ce alhamdu lillahi, na wuce wurin mai zanen taswirar na zauna. Ya gutsura mini biredi yana satar kallon tabarma. Wallahi ba zancen da muka taɓa sai na zafin gari da tsadar haya. Amma a garinmu, wanda ya ƙi akushin babba ya je ya ci na wani, ya riga ya yi magana. Da zan fita babban akawun ya ce, "Malam, ashe kun san juna da wanga bawan Allah?" Na ce yau muka fara zama. Ya ce, "To, madalla."

Madallar nan ba ta kwanta mini ba. Da na koma bayan kwana biyu, sai ga mutumina a tsakiyar tabarma, ana tura masa tsoka gabansa, kowa na kaffa-kaffa da shi. Sun gama lissafinsu: shi ne kunnen soja, ni ne mai kai rahoto. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi duk rantsuwar da zan yi ƙara musu zargi za ta yi.

A bakin ƙofa ya tare ni, yana magana ƙasa-ƙasa. "Malam, don Allah in ka gan ni a hanya, ka wuce abinka."

Na tambaye shi zancen kwas. Ya ce an ba wani. Da ya je neman dalili, babban akawun har miƙewa ya yi ya ba shi kujera, sannan ya ce masa, "Ai mai manya a sama kamarka, mi zai yi da kwas?"