Na Tare Wa Yayana Ruwa

Edita, ka taimaka ka buga mini wannan, amma ka sakaya sunana. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ni ɗan majalisar jiha ne, daga wani ƙauyen noman rani a tsakanin Kura da Bunkure. Kafin nan manomi ne ni kamar kowa. Gonarmu ta gado tana can ƙarshen magudanar ruwa, inda sai na sama sun ƙoshi ruwa yake iso mu. Ni ne mai bakin faɗa in an ci mana ranar ban ruwa, shi ya sa jama'a suka tsayar da ni, kuma yayana ne ya bi gida gida da kekensa yana roƙa mini ƙuri'a.

To, ɗan Adam! Ina zama Onarabul na sayi ƙatuwar gona a bakin babbar magudana, na ce shinkafa zan yi da rani, alhali na san shinkafa ba ta ƙoshi da ruwa. A ƙa'ida kowane layin gonaki da ranarsa ta ban ruwa. Na kira mai kula da ƙofar ruwa na ce ya bar tawa a buɗe har ranar mutanen ƙarshe. Ya tuna mini alkamarsu ta yi ciki, in ta sha ƙishi yanzu shi ke nan. Na ce masa sati biyu ba ya kashe alkama. Wallahi na san ƙarya nake yi, ni da na tashi a cikinta.

Yayana ya biyo ni har Kano. Na bar shi a benci cikin masu neman alfarma, tun hantsi har la'asar. Da na fito ya ce ba roƙo ya kawo shi ba, ranarsu kawai suke so a mayar musu. Na ce zan duba, na miƙa masa kuɗin mota. Ya ajiye su a kan bencin, ya ce uwar da ta haife mu ba haka ta yi mana tarbiyya ba. Alkamar layin nan kaf ta zama ƙaiƙayi. Wasu suka sayar da filayensu suka tafi ci-rani, har yau ba su dawo ba.

Zaɓe ya zo, ko akwatin ƙofar gidanmu ban ci ba. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da aka ce yayana yana kwance rai a hannun Allah. Na durƙusa na ce Yaya ka yafe mini. Ya ce nasa ya yafe duniya da lahira, amma ruwan ba nasa ba ne shi kaɗai, in je in nemi sauran. Kwana uku a tsakani ya rasu.

Na koyi cewa Allah yana yafe laifin da aka yi masa, amma haƙƙin mutum sai mai shi. Kai da aka ɗora a kan kujerar mulki yau, ka ji tsoron abin da ba za ka iya mayarwa ba. Ni ina nan ina bin gidaje, wasu su buɗe, wasu su ce ba sa nan. Akwai mutum huɗu da na tarar an riga an binne su, ban san wa zan roƙa ba.