Rigar da Aka Kai wa Wani

Shekarun baya, lokacin da ɗana na uku ya tafi ƙasar Sifen buga ƙwallo, na koyi kalma guda ta harshen mutanen can. Ba son ilimi ne ya kai ni ba. Kishi ne, kuma yanzu da furfura ta gama cinye gemuna ba na jin nauyin faɗa.

Kokawa ce gadon gidanmu a ƙasar Kuyello. Na yi ta da ƙuruciya, na kuma horar da samari har ƙarfi ya fara ja da baya. A wajenmu akwai ƙa'ida: abin da ɗan kokawa ya samu a kayensa na farko, ko zane ne ko ɗan akuya ko ƙwaryar dawa, ba ya shiga da shi gida. Wurin wanda ya horar da shi yake kaiwa, ya durƙusa ya ajiye. Ni na kai nawa, an kuma kawo mini na mutane da dama. Shi kuwa wannan ɗan nawa, ni ne uba, ni ne ubangida. Ni nake tashinsa bayan asuba ya yi gudu har bakin daji ya dawo, ni nake aza masa buhun masara daga gona zuwa rumbu. Da ya bar kokawa ya bi ƙwallo ban hana shi ba, domin a ganina ƙafafun nawa ne, ko ina ya kai su.

Bayan tafiyarsa, sai na hau tudun bayan gari kafin waya ta kama. Da zarar hira ta fara daɗi sai ya ce, “Baba, a yi mini afuwa, lokacin entrenar ya yi.” Da na tambaye shi ma'anarta, ya ce horo ke nan, wato atisaye da motsa jiki, kuma mai ba da horon ana ce masa entrenador. Nasu wani dattijon Bature ne. Daga nan ban sake jin wata hira ba sai tasa: ya ce kaza, ya gyara masa kaza.

Ranar da ya ci ƙwallonsa ta farko ina kan tudun sai ya kira ni cike da murna. Ya ce, “Baba, da aka tashi wasa na cire rigata na kai wa entrenador, na durƙusa na ajiye, kamar yadda ka koya mana.”

Na ce masa madalla, Allah ya yi albarka. Na sauko daga tudun nan kamar wanda aka kayar a gaban surukansa.

Da yamma mai ɗakina ta dubi kwanon da ban taɓa ba, ta ce, “Malam, miyar ce ba ta yi ba, ko Baturen ne ya tsaya maka a wuya?” Na ce mata wannan maganar maza ce. Ta ce, “To ai da bakinka ka kafa dokar. Yaro ya bi ta, kai kuma kana kumburi.”

Sai na ƙudura cewa zan yi masa tambaya da kalmar tasu, don ya san ba a fi ni ba ko a can. Na yi ta maimaita ta a gona tsakanin kunyoyin dawa, harshe yana tuntuɓe. Wani tsohon abokina makiyayi ya biyo da shanunsa, ya tsaya ya saurara, ya ce, “Malam, wannan addu'ar ta korar tsuntsaye ce?” Na ce masa ta korar shanun Fulani ce daga gonar mutane.

Da kalmar ta zauna a bakina na hau tudu na kira yaron. Bayan gaisuwa na ce, “Ina da tambaya. Wa ya fara yi maka entrenar a duniyar nan?”

Ya yi dariya, da ya ji ban taya shi ba ya daina. Ya ce, “Kai ne, Baba.”

Na ce, “To ina rigar?”

A nan ya faɗa mini abin da ya ɓoye don kada hankalin mahaifiyarsa ya tashi. Ashe farkon zuwansa ya ji rauni a gwiwa, har ana shirin sallamarsa. Baturen nan ne ya tsaya masa, ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya yi jinyarsa, ya koya masa taka ƙafar daga farko. Ya ce, “Baba, ƙafar da ka ba ni ta lalace. Wadda ta ci ƙwallon, shi ya tashe ta.”

Na ce ya gaishe mini da Baturen.

Da kaka ta yi ya zo gida. Kafin ya sha ruwa ya durƙusa a gabana ya ajiye takalman da ya ci ƙwallon nan da su, duk sun goge a baki. Na karɓa na sa masa albarka, mai ɗakina tana daga bakin ƙofa tana danne dariya.

Abin da na fahimta shi ne, wanda ya yi shuka ba lallai ne shi kaɗai zai yi noman ba, kuma mai kishin wanda ya kyautata wa ɗansa ba shi da hujjar da zai kai gaban kowa. Baturen nan ya cancanci abin da aka ba shi. Ina yi masa fatan alheri, kuma har yau ban manta kalmarsa ba. Takalman suna nan rataye a ɗakina, duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa. Sai dai idan baƙon ya tambayi rigar, nakan tashi in ce bari in duba ko an kawo abinci.